Yadda Ake Ciyar da Gona da Fosfat, Daga Karanta Buhu Zuwa Binne Taki a Gindin Shuka

Shekarar da na fara riƙe gonar gidanmu da kaina, masarata ta yi mako uku da tsirowa sai ta tsaya cak. Ruwa bai ɗauke ba, ciyawa ba ta rufe ta ba, amma karan ya tsaya siriri, ganyen ƙasa ya yi kore mai duhu, bakinsa da gefensa suka rine da wani ja mai kama da ruwan zoɓo. Na sayo yuriya na zuba, na jira kwana goma, ban ga wani canji na a zo a gani ba. Wani dattijo da muke iyaka da shi ya tsallako kunya, ya tsinki ganye ɗaya ya juya bayansa, ya ce da ni: "Ɗana, wannan ba yunwar yuriya ba ce. Sufa take nema, kuma ka makara. Ita sufa tare da iri ake binne ta." Na ce, "Baba, in na watsa yanzu fa?" Ya ce, "Ka watsa wa gonar baɗi."

Sai daga baya na gane dalilin maganarsa, kuma a kanta duk wannan bayani ya ginu. Sufa takin fosfat ce, shi kuma fosfat ba ya tafiya a cikin ƙasa. Inda ka ajiye shi nan yake zama. In ba ka kai shi inda saiwa za ta same shi tun tana jaririya ba, ka biya kuɗin taki amma shukar bana ba ta ci ba.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka taɓa buhu

Fosfaras sinadari ne da ba a samunsa shi kaɗai a doron ƙasa, saboda tsananin son haɗuwa da iskar oksijin. Ƙwayar zarrarsa ɗaya takan riƙe ta oksijin huɗu, wannan dunƙulen shi ake kira fosfat, a rubuce PO4. Wani Bajamushe mai suna Hennig Brand ne ya fara ware shi a birnin Hambug a 1669, daga fitsari, yana neman hanyar yin zinariya. Babu mai rai da zai rayu ba tare da shi ba. Da fosfat aka gina ƙashin bayan DNA, wato kundin gadon halitta. Da shi kowace ƙwayar halitta take ajiye ƙarfi tana kashewa, ta hanyar wani sinadari da ake kira ATP. A jikinka kuma, kusan kashi 85 cikin 100 na fosfaras ɗin yana cikin ƙashi da haƙori, haɗe da kalsiyam. Shi ya sa shuka ta fi bukatarsa a lokacin da take gina sabon jiki da sauri: fitar saiwa, sannan fure da ƙwaya.

Bambancinsa da naitirojin shi ne abin lura. Naitirojin yana cike da sararin sama, wake da gyaɗa suna iya jawo shi su ba ƙasa. Fosfat ba shi da rumbu a sama. Daga dutse yake fitowa, a hankali, cikin dubban shekaru na ruwa da rana, ya shiga ƙasa, ya shiga tsiro, ya shiga dabba, ya dawo ta kashi da ƙashi, abin da ruwa ya kwashe kuma ya tafi ƙasan teku. Ƙasarmu ta savana tsohuwa ce ƙwarai, dama can ba ta da shi da yawa. Kuma mafi yawan fosfat ɗin da gero ko masara suka sha a ƙwaya yake taruwa. Duk buhun hatsin da aka loda zuwa Dawanau, da ɗan arzikin gonar ya tafi, ba kuma zai dawo da kansa ba.

Sannan akwai matsalar kamu. Saiwa ba ta shan fosfat sai wanda ya narke a ruwan ƙasa. To amma da zarar ya narke, akwai masu jiransa. A ƙasa mai tsami, musamman jar ƙasa da mai marmara, sinadarin ƙarfe da alminiyam ne suke cafke shi. A ƙasa mai farar ƙasa ko kanwa, kalsiyam ne yake ɗaure shi. Tsakanin 6 da 7 a ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, ne ya fi samun sakewa. Wannan kamun ne ya sa a damina guda shuka ba ta cika cin fiye da kashi 10 zuwa 25 cikin 100 na fosfat ɗin da aka zuba ba. Sauran bai ɓace ba, yana nan a tsare, yana fitowa kaɗan-kaɗan a shekarun gaba.

Mataki na farko: tabbatar da irin yunwar da gonarka take ji

Shiga gonar da safe, mako biyu zuwa huɗu bayan tsiro, ka duba ganyen ƙasa, ba na sama ba. Shuka takan kwashe fosfat daga tsohon ganye ta kai wa sabo, don haka a tsohon alamar take fara fita. Yunwar naitirojin ɗorawa take sa ganye. Ta fosfat kuwa kore mai duhu ne, da jan nan a gefe, da tsumburewa. A gero da dawa za ka ga ba su yi 'ya'ya da yawa a gindi ba, zangarniya ta makara. A gyaɗa da wake, tumɓuke gindi ɗaya ka wanke saiwar, ka duba ƙurajen da ke jikinta: in 'yan kaɗan ne ƙanana, ka matse ɗaya ka ga cikinsa fari maimakon ja-ja, akwai matsala, kuma ƙarancin fosfat na daga manyan dalilanta.

Kada ka yanke hukunci da launi kaɗai. Akwai irin masarar da jan kara halittarsa ce. Masu noman rani kuma sun san sanyin hunturu kan sa tumatir da masara su yi wannan launin, domin saiwa ba ta aiki sosai a ƙasa mai sanyi, ko da fosfat ɗin yana nan.

Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, shi ma shaida ne. Idan dawa ko gero suka rasa fosfat, saiwarsu takan fitar da wani sinadari don kiran wani naman gwari mai siraran zare da ke taya ta nemo abinci daga nesa. Irin ƙuduji da ke kwance a ƙasa yana jin wannan kiran, shi ne yake tashinsa. Ba banza ba ka fi ganinsa a gonar da ta gaji.

In kana da hali, kai ƙasa a auna. Bi gonar a karkace, ka tsaya wuri 15 zuwa 20, kowane wuri ka share ciyawar sama ka yanko ƙasa daga sama zuwa zurfin santimita 20. Kauce wa gindin bishiya, tsohon juji, suri, da inda aka ƙona kara. Haɗa su a bokitin roba mai tsabta, ka cakuɗa, ka ɗebi kamar rabin kilo, ka shanya a inuwa. Jigawa daban, fadama daban, kada ka haɗa su a leda ɗaya. Akwai ɗakunan gwaji a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya da jami'o'in da ke koyar da aikin gona, a Nijar kuma akwai cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, INRAN. Ka nemi a faɗa maka abu biyu: tsamin ƙasar, da yawan fosfat ɗin da shuka za ta iya sha. In adadin bai kai miligiram 10 a kilo ɗaya na ƙasa ba, gonar tana jin yunwa.

Mataki na biyu: karanta buhu, ka yi lissafi kafin ka biya

Lambobi ukun da ke jikin buhu, na farko naitirojin ne, na tsakiya fosfat, na ƙarshe fotash. Na tsakiyar nan ake nufi a nan. Ana rubuta shi da ma'aunin P2O5, kuma duk shawarar malaman gona da wannan ma'aunin take zuwa, sai dai in sun ce P zalla, wato fosfaras shi kaɗai. In ka ga P zalla, ninka shi sau 2.3 ka sami P2O5.

A buhu mai kilo 50, ga abin da kake saya. Kamfa 15-15-15 tana da kilo 7.5 na fosfat. Kamfa 20-10-10, wadda ta yawaita a kasuwa bayan yarjejeniyar taki da Nijeriya ta ƙulla da Maroko a Disambar 2016, kilo 5 kacal gare ta. Sufa mai lamba 18 tana da kilo 9. Wani takin zamani da ake kira DAP, mai lamba 18-46-0, yana da kilo 23, haka ma wani da ake kira TSP mai lamba 46. Yuriya ba ta da ko ƙwaya. Wannan na ƙarshen na maimaita shi ga mutane ba adadi, domin manomi da yawa in kuɗi ya gaza yuriya yake saya, saboda ita ce take sa gona ta yi shar cikin mako guda. Ganye ne take ginawa. Saiwa da ƙwaya suna jiran wani abu daban.

Raba kuɗin buhu da kilon fosfat ɗin da ke ciki, sannan ka kwatanta. Sau da yawa buhun da ya fi tsada a baki shi ne mafi araha a gona. Misali, shawarar da aka saba bayarwa ga masara a yankin savana ita ce kilo 60 na fosfat a hekta. Da 15-15-15 buhu 8 ke nan, da 20-10-10 buhu 12, da sufa kusan buhu 7, da DAP buhu 3 ma da ɗan ragowa.

Ga gyaɗa, wake da waken suya, ni sufa nake zaɓa, kuma ba don sabo kawai ba. Ana yin ta ne ta hanyar zuba ruwan asid na farar wuta a kan garin dutsen fosfat, dabarar da John Bennet Lawes ya yi wa rajista a Ingila a 1842, shi kuma da ƙasusuwa ya fara gwaji. Abin da ke fitowa fosfat ne mai narkewa, haɗe da kalsiyam da farar wuta. Gyaɗa tana bukatar kalsiyam a daidai inda kwanson yake girma, in ba haka ba ka fasa ka tarar da fanko. Naitirojin kuwa da kanta take samo mafi yawansa. Ba banza iyayenmu na zamanin dalar gyaɗa suka riƙe sunan sufa ba.

Duba buhun da kyau. Na taɓa sayen taki a hannun wani ɗan kasuwa, ɗinkin bakin buhun ya sha bamban da na gindinsa, ban kula ba, sai a gona na tarar kusan sulusinsa yashi ne da tsakuwa. Tun daga ranar nake ɗibar ɗan kaɗan in jiƙa a kofin gilashi in motsa. DAP da kamfa mai kyau sukan narke su bar ɗan laka. Sufa takan bar farin gari mai laushi a ƙasan kofi, wannan halinta ne. Amma in ka murza abin da ya kwanta ka ji ƙaiƙayin yashi a yatsa, mayar masa da kayansa.

Mataki na uku: lokaci da wurin sa shi

Nan ne aikin yake. Duk fosfat ɗin da za ka ba gona a shekara, ba shi gaba ɗaya ranar shuka, ko ya daɗe cikin kwana goma zuwa sha huɗu da tsiro. Ba a raba shi kashi-kashi kamar yuriya, domin ruwa ba ya wanke shi zuwa ƙasa, kuma shukar da ta rasa shi a makonninta na farko ba ta cika farfaɗowa ba.

Kada ka watsa shi a sarari. In ka watsa, kowace ƙwaya ta sami ƙasa mai yawa da za ta kama ta, kuma ta zauna a saman da yake bushewa da rana, inda babu saiwa. In ka tara shi wuri ɗaya, sai ya ƙosar da 'yar ƙasar da ke kewaye da shi, ragowar ya zauna a narke, saiwa ta zo ta yi gungu a wurin.

Ga yadda nake yi da masara. Mutum uku a layi. Na gaba ya sara rami ya jefa iri. Na biyu yana riƙe da ɗan tsinin sanda, ya soka rami na biyu a gefen na farko, nisan yatsu uku, wato kamar santimita 5, kuma ya ɗara ramin irin zurfi da kamar haka. Na uku ya zuba taki ya rufe da ƙafa. Ma'auninmu murfin kwalbar lemo ne na ƙarfe, wanda in aka cika shi da kamfa yake ɗaukar kamar giram 6. In tazararka santimita 75 tsakanin kunya da 25 tsakanin gindi, kana da rami kusan 53,000 a hekta, buhu 8 kuma zai ba kowane rami giram 7.5, murfi ɗaya mai tozo ke nan. In 75 da 50 kake yi kana barin tsiro biyu, murfi biyu da rabi ne a rami.

Kada taki ya taɓa iri. Wannan ya fi tsanani ga DAP, domin idan ta fara narkewa takan saki iskar amoniya da ke ƙona saiwa tun tana fitowa, musamman a yashi in ruwa ya yi jinkiri. Masu yin binne kafin saukar ruwa su fi kowa kiyayewa. In kana shakkar ruwan, shuka irinka, ka bari ya tsiro ƙasa ta jiƙu sosai, sannan ka bi da sanda.

To wanda ba shi da kuɗin buhu takwas fa? Shi ne aka yi dabarar ɗan-tsunkule dominsa, wadda masu bincike na cibiyar binciken aikin gona ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai suka gwada tare da manoman Nijar. A gonar gero mai tazarar mita ɗaya ta kowane gefe akwai rami 10,000 a hekta. Kowane rami a ba shi giram 6 na 15-15-15, murfi guda, ko giram 2 na DAP, abin da yatsu uku za su tsunkulo. Kilo 60 na kamfa ke nan a hekta, ko kilo 20 na DAP. Buhun DAP ɗaya zai ishi hekta biyu da rabi. Ɗan wannan abin yakan sa gero ya yi saiwa da wuri, ya kai ga danshin ƙasa kafin fari ya same shi, ya kuma nuna da wuri. Na ga layi biyu kusa da juna, mai murfi da marar murfi, a mako na huɗu ko yaro zai nuna maka wanne ne wanne.

Sai dai in faɗa maka gaskiya: ɗan-tsunkule tayar da shuka yake, ba ya cika rumbun ƙasa. Geron da ya yi ƙarfi zai ci fiye da abin da ka ba shi, ya ƙara tatsar gonar. In ka yi shekaru kana haka ba ka mayar da kara da takin dabbobi, wata rana murfin ba zai ƙara aiki ba.

Ga gyaɗa da waken suya da ake shukawa kusa-kusa, ja layi da bakin fartanya a gefen inda iri zai zauna, ka zuba sufa siriri ka rufe, ko ka zuba ta a tsohuwar kwari kafin huɗa, garma ta rufe ta a cikin sabuwar kunya. Albasa da tumatir da tattasai, a cakuɗa shi da ƙasar fangali kafin dashe. Shinkafar fadama ba ta cika nuna yunwarsa kamar ta tudu ba, domin idan ruwa ya kwanta ƙarfen ƙasa yakan saki wani ɓangare na abin da ya riƙe, amma ita ma kafin dashe ake sa mata.

Abu uku ba a haɗa su. Sufa da yuriya in suka kwana a kwano ɗaya sai su jiƙe su dunƙule. Sufa da toka ko farar ƙasa, kalsiyam ɗin zai mayar da fosfat ɗin wanda ba ya narkewa. DAP da toka kuma, naitirojin ɗinta zai tashi a iska, har za ka ji warin. In ƙasarka ta yi tsami sosai har aka ce ka sa farar ƙasa, sa ta makonni kafin shuka, ba rana ɗaya da taki ba.

Mataki na huɗu: tara fosfat ɗin da ke gidanka

Kusan kashi 70 cikin 100 na dutsen fosfat da aka tabbatar a duniya yana hannun Maroko. Togo tana haƙarsa a Hahotoe, Senegal ma tana haƙa. A kusa da mu akwai shi a yankin Tawa a Nijar da kuma jihar Sakkwato. Amma wanda ya fi kusa da kai yana turken awakinka.

Saniya da tunkiya da akuya ta kashi suke fitar da fosfat, naitirojin da fotash kuma mafi yawa ta fitsari. Kashin kaji ya fi na shanu fosfat nesa ba kusa ba, haka na tattabaru da na jemage. Manoman kewayen Kano da suke dakon takin gari a mangala tun kaka da kakanni, da masu ba Fulani dami don shanu su kwana a gona bayan girbi, fosfat suke mayarwa ko ba su kira shi da wannan suna ba. Takin gargajiya yana da wani amfani na biyu da buhu ba shi da shi: yayin da yake ruɓewa yakan fitar da ɗan tsami da ke toshe wuraren da ƙarfe yake kama fosfat, sai wanda ka saya ma ya fi yin aiki. Shi ya sa hannu ɗaya na ruɓaɓɓen taki tare da murfi ɗaya na kamfa a rami ya fi kowannensu shi kaɗai.

Ƙashi shi ne ma'adinin da muke zubarwa. Tara na kwata da na gida, ka jera a rami da busasshen itace ko buntun shinkafa, ka cinna wuta, in ta kama ka rufe da tsohon kwano ka bar 'yar ƙofar iska. Washegari ƙashin zai yi baƙi ko fari, ya yi taushin da turmi zai daka shi. Daka shi lukui, ka tankaɗe, ka rufe hanci da baki yayin aikin. Kada ka taɓa ƙashin mushen da ba a san abin da ya kashe shi ba, akwai cututtukan da ƙwayarsu take daɗewa a cikinsa.

Garin ƙashi da garin dutsen fosfat duka ba sa narkewa a ruwa kai tsaye, tsami suke bukata da danshi da lokaci. A ƙasa mai tsami suna aiki a hankali, a mai kanwa kusan ba sa yi. Hanyar da ta fi ita ce a bi da su ta ramin taki. Haƙa rami a inuwa, zurfinsa kamar zuwa ƙugu. Shimfiɗa yankakken kara da ƙaiƙayi kamar taƙi ɗaya na hannu, ka ɗora kashin dabbobi, ka barbaɗa garin ƙashin ko na dutsen har ya rufe fuskar, ka yayyafa ruwa. Maimaita har ramin ya cika, ka rufe da ciyawa. Danshin da ake so shi ne in ka matse a hannu ya dunƙule amma ruwa bai zuba ba. Soka sanda a tsakiya: in ka zaro bayan kwana uku ka ji ta da zafi, aiki ya kama. Juya shi duk mako biyu zuwa uku. Cikin wata uku zai yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasar farkon damina. Ka fara a watan Fabrairu ko Maris don ya riski shuka.

Tunda an zo maganar ƙashi: in ka ga saniyarka da rani tana tauna ƙashi ko tsumma ko itace, ba iskanci ba ne, yunwar fosfat ce, domin busasshiyar ciyawa ba ta da shi. Haɗarin shi ne gubar da ke cikin ruɓaɓɓen mushe tana iya shanye mata jiki, abin da likitan dabbobi Arnold Theiler ya gano a Afirka ta Kudu wajen 1919. Kanwa ba za ta magance wannan ba. Ba ta dusa da ƙuli, ka nemi gishirin lasa mai fosfat wurin likitan dabbobi. Kada ka ba ta takin gona ko garin dutse, akwai sinadarin fulorin a ciki da ke lalata haƙori da ƙashi.

Mataki na biyar: tsare abin da ka zuba

Tunda fosfat manne yake da ƙasar sama, duk abin da ya kwashi ƙasar sama ya kwashe shi. Jan ruwan da kake gani yana fita daga gona bayan ruwan sama mai ƙarfi, takinka ne yake tafiya. Yi kunya a gicciye da gangara, ka bar layin gamba a ƙasan gonar, ka bar wani ɓangare na kara a kwance don iskar bazara. In ka ƙona kara, naitirojin da farar wuta sun tafi a hayaƙi, fosfat ya rage a toka, tokar kuma iska ta fi ka saurin zuwa wurinta. Iska ba ƙaramar mai dako ba ce. Ƙurar da take tashi daga kwarin Bodele a Chadi, busasshen gindin tsohon babban tafki, tana cikin wadda ke tsallake Tekun Atilantika, kuma masu bincike na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, sun ƙiyasta a 2015 cewa ƙurar Sahara tana kai wa dajin Amazon kimanin tan 22,000 na fosfaras kowace shekara.

Abin da yake abinci a gona masifa ne a ruwa. A tafki da kududdufi, ƙarancin fosfat ne yake hana gansakuka yawa. In ya shigo da yawa daga gonaki da kwatami, ruwan ya yi kore, kainuwa ta rufe shi, su mutu su ruɓe su cinye iskar ruwan, kifi ya taso sama. Wasu nau'o'in gansakukar ma suna da gubar da ke kashe dabbar da ta sha. A Agustan 2014 sai da aka hana mutum sama da 400,000 a birnin Toledo na Amurka shan ruwan famfo na kusan kwana uku saboda irin wannan. Don haka mai noman fadama ya bar ciyawa taku biyar ko goma tsakanin fangalinsa da bakin ruwa, kada ya sa taki hadari na haɗuwa, kada kuma ya wanke buhu a rafi. Yawan zuba shi ma ba gwaninta ba ne, domin in ya wuce kima yakan hana masara shan sinadarin zinki, sabon ganye ya fito da fararen layuka.

Wani gargaɗi da bai kamata in tsallake ba: ƙwayar da ake jefawa a buhun hatsi don kashe ƙwari, da wasu magungunan feshi, suna da fosfaras a sunansu, amma ba taki ba ne, guba ne mai kisa. Kada kamannin suna ya ruɗi kowa.

A shekarar farko, bar kunya uku a tsakiyar gonar ba ka sa musu fosfat ba, ka kafa turke a bakinsu, sauran aiki duka ka yi musu daidai da na kusa da su. Da kaka ka girbe su daban, ka girbe wasu ukun na gefensu daban, ka sussuka ka auna da tiya ɗaya. Rubuta adadin a littafi tare da irin takin da yawansa. Baɗi ka juya shukar, inda gyaɗa ko waken suya suka ci sufa bana ka sa masara ko dawa, su tarar da ragowar fosfat ɗin da naitirojin ɗin da saiwar ta bari, ka sake barin waɗancan kunyoyi ukun ka auna.